Rigar da Na Dafa

A gidanmu duk abin da ya fito daga kasuwar gwanjo sai ya shiga tukunya kafin ya shiga ɗaki. Dokar Inna ce, kuma babu mai roƙo a kanta. Zani ne, ɗankwali ne, ko ƙyallen da za a yi tsumma da shi, sai an tafasa shi da sabulu, an murje, an shanya a rana ya bushe ƙamas. Dalilinta kowa a Makka ya san shi: da yawa daga kayan da ake zubewa a haraj, wato kasuwar gwanjon, na alhazan da suka zo ne ba su koma ba. Wani ciwon ciki ya ɗauke shi, wani zazzaɓi, wani agana. Inna ta binne 'ya'ya biyu kafin ta haife ni, saboda haka ba ta wasa da tufar da ba ta san jikin da ya fita daga cikinta ba. Na tashi ina ganin tukunyar nan a kan murhu, ban taɓa zaton akwai abin da za ta iya ɓatawa ba.

Sana'ar Inna saƙar hula ce, farar hular zaren auduga da ake yi da kwarashi, wadda alhazai ke saya tsaraba. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama. Da hular nan ta rene mu, ni da Yaya, a wani ɗan gida na katako da langalanga a bayan gari, wajen da daga baya ya zama unguwar Mansur. Iyayenta daga ƙasar Kano suka taho a ƙafa, ita a hanya aka haife ta, mu kuma a nan. Cikinmu ukun babu wanda ya taɓa sanin sanyin da ya wuce a ja mayafi da asuba.

A shekarar da nake ba da labarinta ina da sha huɗu, Yaya ya kusa ashirin. Bayan an watse daga hajji ya shigo wata la'asar ya ce ya sami aiki a arewa, can cikin hamada inda ake shimfiɗa bututun mai, kuma motar da za ta kwashe su za ta tashi nan da kwana goma sha biyu. Inna ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen layin da take saƙawa. Na san abin da ke ranta, don shi ne a raina. Tun yana yaro Yaya yake da fuka. Ko iskar asuba ce ta buge shi sai ka ji ƙirjinsa na kuka kamar ɗan kyanwa, ya zauna ya dafe gwiwa yana neman numfashi.

Washegari ta je ta sami wani maƙwabcinmu da ya yi shekara a can, ta ce ya faɗa mata gaskiyar sanyin. Ina tsaye a bayanta.

Ya ce, "Hajiya, ruwa na kwana a salka ya wayi gari dutse. Wanda ba shi da rigar suf a jikinsa, wallahi kada ya je."

Suf shi ne ulu. Inna ta ce ya ji tsoron Allah, ruwa ba ya zama dutse. Bai yi musu da ita ba, sai ya zare takalminsa ya nuna mata yatsunsa biyu da suka yi baƙi suka motse. Da muka dawo ta roƙi Yaya ya fasa tafiyar, ya ƙi. Ya ce har yaushe za ta yi ta kashe idonta a kan hula shi yana dako a kasuwa.

Sabuwar rigar ulu a kantin mutanen Sham ta fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Inna ta ce to da hannunta za ta saƙa, wanda ya iya hula ai ya iya riga, kwarashi mai kauri kawai za ta nema. Zaren ne matsala. A garin da babu mai jin sanyi babu mai sayar da zaren ulu, sai dai a sami tsohuwar riga a haraj a warware ta. Kuma a shekarun nan hajji cikin zafi yake faɗowa, alhazai ba su cika zuwa da kayan sanyi ba.

Kwana uku muka yi muna yawo a kasuwar, daga hantsi har azahar. Kaya a zube tsibi-tsibi a ƙasa, dillalai na ɗaga riga sama suna ihun farashi, warin gumi da na maganin asu na shiga hanci ta cikin lulluɓi. Inna na da hanyarta ta duba kaya. Sai ta juya riga ta kalli ɗinkin gefe: in yanka aka yi aka haɗa da keke, ta ajiye, don zaren guntu-guntu zai fito. Sai ta ɗaga ta ta kalli rana ta cikinta, ta ga ɓarnar asu. Sai ta ja zare ɗaya da farce ta ji ko ya ruɓe. Abin da ta fi ja mini kunne a kai shi ne ido.

"Abin da kike so kada ki kalle shi," in ji ta. "Idonki ne ke sa masa kuɗi."

Mun ga riguna biyu a kwanakin nan. Ɗaya yankakkiya ce, ɗayar kuma tana taɓa ta zaren ya zama gari a hannunta. Kwana biyun farko da azahar muna dawowa hannu wofi, Yaya ya tare mu da dariya ya ce yau ma tumakin sun gudu ne. Ni ban ga abin dariya ba, ina lissafa kwanakin da suka rage a yatsuna cikin mayafi.

A rana ta uku, a ƙarshen layi kusa da masu tsofaffin tukwane, muka tsaya a rumfar wani tsoho mutumin Buhara. Yana zaune yana kurɓar koren shayi kamar ba shi ne mai kayan ba. Ni na fara hango rigar, hannunta ɗaya ya leƙo daga ƙarƙashin tarin kaya, ruwan ƙasa, zare mai kauri. Ban san lokacin da na ja numfashi da ƙarfi ba. Inna ta mintsine ni a damtse, mintsinin da ya kwana uku yana yi mini zafi.

Ta tsugunna ta ɗauki wata fitila mai fasasshen gilashi ta fara taya ta. Hannunta na dama na juya fitila, na hagu yana cikin tarin kayan yana bin ɗinkin rigar. Saƙar hannu ce, ta wani ƙaton mutum. Asu ya cinye bayanta da gwiwar hannu, abin da ya sa ma ta faɗo cikin tsummoki ke nan, amma sauran zaren lafiyayye ne, zai ishi Yaya har ya yi saura. Wata mata ta zo ta tsaya a gefenmu ta fara tona tarin daga ɗaya ɓangaren. Ina kallon hannunta na matsowa. Inna ta gyara tsugunno ta danne hannun rigar da gwiwarta, ta ci gaba da kushe fitila, ta ce lagwaninta ya mutu, ta ce gindinta na yoyo. Matar ta ja rigar sau ɗaya, ta ji ta maƙale, ta yi tsaki ta wuce.

Can Inna ta ce, kamar abin ya faɗo mata ne yanzu, "To ya ammi, baffana, ƙara mini wannan tsumman a kai, in shimfiɗa wa akuya."

Tsohon ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Ya hajja, tun da kuka tsaya 'yarki ba ta kalli fitilar nan ba ko sau ɗaya. Ajiye fitila, mu yi maganar suf."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Suka ja ciniki har inuwar rumfar ta matsa. Inna ta miƙe ta yi kamar za ta tafi sau biyu, ko gezau bai yi ba. A ƙarshe ta kwance duk abin da ke ƙulle a bakin mayafinta, ta ƙara masa huluna shida daga kwandonta. Shi kuma ya lalubo wani kwarashin ƙashi mai kauri daga cikin wani gwangwani ya ɗora mata a kai. A hanya ba ta yi mini faɗa ba. Ta rungume rigar a ƙirji, har da ɗan waƙe-waƙenta ƙasa-ƙasa.

Washegari da sassafe ta fita kai wa wani ɗan kasuwa huluna a kusa da Harami, kafin ragowar alhazai su tafi. Ta ce in ta dawo za mu fara warwara. Ni kuwa abin da na jawo mata jiya yana cina. Na ce bari in rage mata aiki, ta dawo ta tarar da riga tsaf. Na hura gawayi, na ɗora babbar tukunya, na yanka sabulu a ciki ban yi rowa ba. Da ruwan ya tafasa na tura rigar da muciya na yi ta juyawa. Na tuna ƙirjin Yaya, na tuna ban san ciwon da ya kashe mai rigar ba, sai na tsame ta na murje ta a ruwan randa, na sake ɗora wani ruwan na mayar da ita. Ina yi ina jin daɗin kaina, ina cewa yau Inna za ta san ta haifi 'ya.

Tun a tafasa ta biyu na ga kamar ba ta cika tukunyar yadda ta cika ta da farko ba, na ce idona ne. Sai da na ɗaga ta zan shanya na ga abin da na yi. Rigar ƙaton mutum ta koma ta yaro ɗan shekara bakwai. Ta yi kauri ta sandare, layukan saƙar sun ɓace, ta zama abu guda kamar fatar da ba a jeme ba. Na ja ta ta nan, na ja ta ta can, na taka gefe ɗaya na ja ɗayan da iya ƙarfina. Na ɗauko allura na tsokano zare, ya fito bai kai rabin yatsa ba ya tsinke. Na zauna a gaban murhu da ita a cinyata, ina sauraron takun Inna a lungu.

Ta shigo, ta kalle ni, ta kalli abin da ke cinyata. Ta karɓa ta juya shi, ta gwada farcenta a kai.

"Sau nawa kika tafasa?"

Na ce sau biyu.

Ta ce, "Da ni ce sau ɗaya zan yi. Duk ɗaya ne dai."

Sai ta zauna a ƙasa, ko lulluɓinta ba ta cire ba. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Da Yaya ya dawo ya ɗaga rigar da yatsa biyu ya yi dariya har da hawaye, ya ce ba komai, zai tafi da bargo. Dariyar ce ta tayar masa da tari, ya dafe gwiwa, muka zauna muna jin kukan ƙirjinsa. Saura kwana takwas.

Da safe muka koma wajen tsohon da rigar a kwando. Ya karɓa ya latsa ta tsakanin tafukansa, fuskarsa ta ɓaci kamar an dafa masa ɗan rago da rai.

"Wa ya dafa wannan?"

Inna ta ce, "Mu ne."

Ya ce, "La haula. Suf da ruwan sanyi ake wanke shi, a hankali, ba a murza shi. Babu wanda ya taɓa faɗa muku?"

Wa zai faɗa mana? Inna ta tambaye shi ko yana da wata, ya ce ko a kasuwar duka bai san da wata ba. Ya miƙo mata abin ya ce kada ta yar, in an yanka shi ba ya zarewa. Inna ta jefa shi cikin kwando. Har mun juya ya kira mu, ya turo wani ɗan kwando da ƙafarsa. Safa ce a ciki, ta ulu, duk wari ɗaya-ɗaya, waɗanda 'yan'uwansu suka ɓace a tantunan Mina. Ya ce babu mai sayen safa ƙafa ɗaya, ta kwashe a yadda ta ga dama.

Daga nan muka koma farautar safa. Rumfa-rumfa muke bi, muna tona gindin kowane tari: safa ja, safa baƙa, safar hannu mai yatsa huɗu, wata 'yar hular jariri, rabin abin wuya. Ranar farko kusan kyauta muke samu. A rana ta biyu labari ya zaga, muna doso rumfa sai ka ji an ce ga masu safa nan, wari ɗaya ya koma kuɗin biyu. Inna ta raba mu, ta ba ni kwando ta ce in fara daga can ƙarshen, in ce tsumman goge fitila nake nema. A ranar na koyi riƙe idona. Sai in tsaya ina kallon tsohuwar buta, ƙafata na jawo safa daga ƙarƙashin tari, in biya in wuce ban ko dube ta ba.

Sai ga wata matsalar. Safar nan daga ƙafafun wa ta fito, Allah kaɗai ya sani, kuma ba dama a tafasa. Na ga Inna tsaye a gaban tukunyarta da safa cike da hannu, ta daɗe ba ta motsa ba. A ƙarshe ta wanke su da ruwan randa, ta baza su a kan langalangar rufi rana ta gasa su, ta turara su da turaren luban tana addu'a. Ban taɓa ganinta cikin tsoro irin na ranar ba, za ta sa wa ɗanta kayan haraj a jiki ba tare da sun ga wuta ba, kuma ni na jawo.

Ni ke warwarewa ina ƙulla guntu da guntu, ita tana saƙa daga sallar asuba har hasken rana ya ƙare. Zaren safa siriri ne, sai ta haɗa biyu, wani wurin uku. Yatsanta ya fashe ta ɗaure shi da ƙyalle ta ci gaba. Ana gobe tafiya, da la'asar, zare ya ƙare. Baya ya kammala, hannuwa sun kammala duk da ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma gaba, daga wuya zuwa ciki, rami ne. Daidai wurin da aka yi duk wahalar dominsa. Kasuwa ta tashi, kuma ko ba ta tashi ba mun riga mun share ta.

Inna ta kalli ramin, ta kalli kwandon da ke rataye a ƙusa. Ta sauko da shi ta ciro rigar da na dafa, ta sa almakashi ta yanko gabanta, ta ɗinke shi a ramin da farin zaren hula. Bai zare ba kamar yadda tsohon ya faɗa, amma a tsaye yake ƙiƙam kamar an liƙa tabarma. Ina kallo ina hawaye, ɓarnata ce aka dasa a tsakiyar ƙirjin ɗan'uwana.

Da safe muka raka shi inda motar ke lodi. Inna ta dage sai ya gwada ta a gabanta ta ga ko ta zauna. Ya sa, a zafin Makka, gaban samarin da za su tafi tare. Suka fashe da dariya. Wani ya ce ya sa tutar duk ƙasashen alhazai a jikinsa, wani ya ƙwanƙwasa gaban rigar da yatsa ya ce a buɗe ƙofa. Yaya ya yi dariyar yaƙe, ya tuɓe ta ya cusa can ƙasan jakarsa. Na san girman kansa, sai wani sabon tsoro ya kama ni, kada kunya ta hana shi sa ta. Na matsa na ce, "Yaya, don Allah ka riƙa sa ta, ko a ƙarƙashin riga ne."

Ya ja mini bakin mayafi ya ce, "To na ji, mai dafa riga." Motar ta tashi.

Wata biyar babu wasiƙa. Duk asubar da iska ta ɗan yi sanyi sai in farka ina tunanin ruwan da ke zama dutse. Cikin wata na uku wani direba ya zo da labari cewa an rasa ɗaya cikin yaran Makka, ciwon ƙirji, amma bai riƙe sunan ba. Kwana tara muka yi a haka. Inna ba ta saƙa ko hula ɗaya ba, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita. Daga baya aka tabbatar ɗan wata mata ne a unguwar Jarwal. Muka je gaisuwa, ina zaune cikin masu kuka ina jin kunyar sanyin da ke raina.

Ya dawo da zafi ya fara, wata azahar, ya rame ya yi baƙi, leɓɓansa sun tsattsage. Bayan ya sha ruwa Inna ta gama shafa kansa, na kasa haƙuri na tambaye shi rigar. Ya jawo jakarsa ya ciro wani abu baƙi ƙirin mai igiya biyu a gefe. Ya ce saƙar safar ba ta kai wata biyu ba, ƙulle-ƙullen suka yi ta kwancewa, hannu ɗaya ya fara tafiya, baya ya bi shi. Wannan ne kaɗai ya rage, shi ne ya huda shi ya sa igiya, yana ɗaura shi a ƙirji dare da rana.

"Iska ba ta ratsa shi," in ji shi. "Ko ruwan sama ya jiƙa ni, wurin nan da ɗuminsa. Waɗanda suka yi mini dariya har aronsa suke roƙo in zazzaɓi ya kama su."

Na karɓa na riƙe. Yana warin hayaƙi da gumi, amma ga ɗinkin Inna na farin zare a gefensa. Na fashe da kukan da na riƙe tun ranar da na ɗora tukunyar nan. Inna ma tana share ido tana dariya, tana cewa alhamdu lillahi.

Yaya ya bari na yi shiru, sannan ya ce, "Ke, kin tuna yadda kika dafa ta? Ki nemo mini wata a haraj ki dafa, babba, mai rufe har baya. Bayan hajji zan koma."

Inna ta daina dariya. Ta miƙe ta ɗauki kwarashinta da hular da ta bari rabi, ta shige ɗaki ta saki labule.